Abin da filin makaranta ya koya mini game da fargabar ɗan wasa

A cikin darussan da nake koyarwa a ajin motsa jiki, babu wanda ɗalibai ke rainawa kamar na ilimin halayyar ɗan wasa. A ganinsu na hadda ne kawai: a rubuta ma'anar ƙwarin gwiwa, a lissafo alamomin fargaba, a amsa a jarrabawa, shi ke nan. Sai ranar gasar gidaje ta zo, sannan darasin ke fitowa fili.

Duk malamin wasanni ya san irin yaron nan. A atisaye babu mai kamo shi. Ranar gasa kuwa, kafin a kira sunansa ya yi ta zarya zuwa bayan gida, leɓɓansa sun bushe, tafin hannunsa sharkaf da gumi. A gudun miƙa sanda sai ya zabura tun ɗan'uwansa bai iso ba, ko ya waiwayo ana cikin miƙa masa, sandar ta faɗi. Nan take 'yan kallo su yanke hukunci: "Ba shi da zuciya." Wasu malaman ma abin da suke faɗa ke nan, ni kuwa ban yarda ba.

Idan na shiga aji da wannan batu, da Roberto Baggio, ɗan ƙwallon Italiya, nake farawa. A gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka, Najeriya na gaban Italiya da ci ɗaya, saura minti biyu a tashi, Baggio ya farke. A ƙarin lokaci aka ba su fenariti, ya buga ya ci, muka dawo gida. Bayan kwana 12, a wasan ƙarshe da Birazil, shi ɗin dai ya tsaya gaban ƙwallo a bugun daga kai sai mai tsaron gida, ya ɗaga ta sama da turke, kofi ya tafi. Mutumin da aka ba kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya a 1993 ke nan. Sai in tambayi yara: a wace ranar ce ba shi da zuciya? Aji yakan yi tsit.

Littafin da muke amfani da shi yana da wani zane mai kama da tudu, wanda aka samo daga binciken masana ilimin halayya Yerkes da Dodson na 1908. Su a kan ɓeraye suka yi gwajinsu, daga baya aka ɗauko shi zuwa wasanni. Ma'anarsa dai ita ce, jiki in ya yi sanyi ba ya aiki, in zumuɗi ya yi yawa kuma aiki ya lalace, kuma kowane aiki da gwargwadon zafin da yake so. Yaranmu sun fi gane wannan idan na kawo dambe. Makaɗi yana zuga ɗan dambe da kirari har tsikar jikinsa ta tashi, kuma hakan na yi masa amfani. Amma a yi wa mai bugun fenariti irin wannan zugar, ƙwallon ba za ta san hanyar raga ba. Mai jifan dalma yana son zafi, mai karɓar sanda yana son nutsuwa. Malamin da ke yi wa kowa ihu iri ɗaya daga bakin fili yana taimakon wasu ne, yana rusa wasu.

Sai maganar idon jama'a. Tun 1898 masanin ilimin halayya Norman Triplett ya lura cewa masu tseren keke sun fi sauri idan suna tare da abokan hamayya. A 1965 wani masanin, Robert Zajonc, ya ƙara bayani: taro yana ƙara wa mutum kuzari a abin da ya riga ya ƙware, yana kuma dagula masa wanda bai gama koya ba. Wannan ya canza mini tsarin atisaye. Dabarar da yaro ya koya makon jiya ba na sa shi ya gwada ta gaban shugaban makaranta da iyaye. Wadda ya iya kuma, ba na bari ranar gasa ta zama karon farko da zai yi ta cikin hayaniya. Nakan tara sauran 'yan aji bayan raga, in ce su yi ihu iya ƙarfinsu, yaron kuma ya buga fenariti.

Kafin bugun, kowa yana da 'yan matakan da ba ya canzawa. Ya ajiye ƙwallo da hannunsa, ya ja baya da taku iri ɗaya, ya zaɓi kusurwa tun kafin a busa usur, ya sauke numfashi a hankali. Da yawa suna haɗawa da bisimilla, ni kuwa ina ƙarfafa musu, don tana tsayar da hankali wuri ɗaya. Abin da na hana shi ne a ce wa yaro "kar ka ɓarar". Da zarar ya ji, ɓararwar ce ke tsaya masa a rai. A ce masa "ƙasa, hannun dama", ya samu abin yi.

Ba kowace matsala ce ta zuci ba, wannan ma sai da fili ya nuna mini. Yarinyar da ta fito gida ba karin kumallo, aka sa ta gudun mita 400 da tsakar rana a watan Afrilu, ba jawabin ƙarfafa gwiwa take buƙata ba. Ruwa da inuwa take so, a kuma maido da gudun da safe.

Atisayen ihun nan yanzu yaran da kansu suke roƙon a yi. Wahalarsa ɗaya: tsakanin ihu da zagi babu nisa, kuma laƙabin da aka liƙa wa yaro ranar da ya ɓarar yakan bi shi har ya gama makaranta. Na ga waɗanda suka daina zuwa fili saboda haka, galibi 'yan mata. Don haka dokar ita ce, a yi tafi, a buga jarka, a yi fito, amma ba a ambaton iyayen mai bugu, ba a taɓa halittarsa. Wanda ya karya, shi ne na gaba a kan ƙwallo.