Ajiye zafin rana a ƙarƙashin rumfar leda

A tsaunin Jos, rumfar leda da ake noma a cikinta tana haura digiri 35 da azahar, da asuba kuma a watan Disamba da Janairu ta sauko kusa da 10. Tumatir ba ya son ko ɗaya: sama da 32 fure na zubewa, ƙasa da 13 da dare ba ya ɗaura 'ya'ya da kyau. Amma in ka haƙa mita biyu, zafin ƙasar ba ya motsi sosai, yana nan kusa da matsakaicin zafin garin na shekara, wajen digiri 22. Wannan na yi amfani da shi a rumfa mai faɗin mita 8, tsawon 24.

Kafin a kafa ƙarafa muka haƙa, domin bayan an kafa babu hanyar shigar motar haƙa. Na binne bututun roba mai huji-huji, inci 4, guda 40, kowanne mita 7, an shimfiɗa su ta faɗin rumfar. Hawa biyu ne: ashirin a zurfin mita ɗaya da rabi, ashirin a santimita 90, ana saɓa su don kada na sama ya hau kan na ƙasa. Bakunansu suna shiga manyan bututu na inci 12 a gefe biyu. Fanka tana zuƙo iska mai zafi daga ƙololuwar rufi ta tura ta ƙasa, ta fito ta ɗaya gefen da sanyi. Da dare fankar dai ce ke aiki, sai dai yanzu ƙasar ce ke mayar wa iska zafin.

Iskar da ke cikin rumfar ta kai kubik mita 600, ana son ta zaga sau biyar a awa. Fanka ɗaya mai tura kubik mita 3,000 a awa za ta shaƙe a bututun inci 12, don haka na raba aikin gida biyu, kowane rabi da fankarsa ta 1,500, a kan sola da batir. Na'urar auna zafi ke kunna su in an haura 27 ko an sauko ƙasa da 13.

Hujin nan ba ado ba ne. Iskar rumfa cike take da danshi, tana taɓa jikin bututu mai sanyi sai ta yi raɓa, kuma a wannan raɓar ne zafi mai yawa ke sauka cikin ƙasa. Ruwan sai ya tsiyaye ta hujin. Bututu marar huji tara ruwan yake, ya toshe, ya yi wari. Amma hujin da ke fitar da ruwa shi ne ke shigo da shi da damina. A Agusta, in ruwan ƙasa ya taso, hawan bututun da ya fi zurfi ya cika da ruwa, fanka na ta ƙara babu iskar da ke fita. Saboda haka a haƙa ramin gwaji tun damina ana tsaka, a bar shi mako guda a gani. Fadama sam ba ta yi. A kuma naɗe bututun da ƙyallen tace ƙasa, a ba shi ɗan gangare zuwa ramin tsakuwa.

Bakin shiga da na fita kuwa a sa musu raga ta ƙarfe, saboda ɓeraye.

Kada wani ya ce maka wannan zai maye gurbin buɗe gefuna da ragar inuwa. Rana tsaka tana zuba kusan kilowat ɗaya a kowace murabba'in mita, rumfar kuma 192 ce. Fankokin biyu, in sun rage wa iska digiri 10, wajen kilowat 10 suke kwashewa, sai abin da raɓa ta ƙara. Amfaninsa na gaske yana daren hunturu ne. A Maris da Afrilu ƙasar kan ƙoshi da zafi bayan 'yan kwanaki, iskar da ke fita ta daina sanyi. A lokacin nakan buɗe gefunan da dare in bar fanka tana tura iskar waje ta cikin bututun har asuba, ta sauke abin da ƙasar ta tara.