VRR a tele da na'urar wasa: abin da muke dubawa kafin mai saye ya biya

Aikinmu a Yamai shi ne haɗa na'urorin wasa da tele, gyaransu idan sun lalace, da kafa wa masu gidajen wasa kayan aiki daga waya har teburi. Tun da PlayStation 5 da Xbox Series suka fito a watan Nuwamba na 2020 suka fara shigo mana ta Dubai da Lome, haruffa uku ne suka fi jawo gardama a bakin shago: VRR, wato Variable Refresh Rate, dabarar da ke sa tele ya daidaita saurin sabunta hotonsa da na na'urar wasa. Wani ya ƙara kuɗi masu yawa saboda ya gan su a jikin kwali, har yau bai ga amfaninsu ba. Wani kuma telensa yana da su, amma a kashe suke tun ranar da aka sauke shi daga mota.

Tele na yau da kullum yana sabunta hoton allonsa sau 60 a sakan ɗaya, wato duk bayan milisakan 16.7, ko na'ura ta shirya ko ba ta shirya ba. Ita kuwa na'ura zana kowane hoto take yi, kuma ba duka hotuna ne nauyinsu ɗaya ba. Fili mai ciyawa da hayaƙi da mutane da yawa zai iya cin milisakan 19 ko 20. Idan ta makara, ɗayan biyu ne. Ko dai tele ya maimaita tsohon hoto, ya zauna a allo milisakan 33.3, mai wasa ya ji hoton yana cijewa yana saki. Ko kuma sabon hoto ya faɗo a tsakiyar zanen tsohon, a ga layi ya tsaga allo, sama ta zame wa ƙasa. VRR yana sa tele ya jira na'ura. Bambancin kamar na bas mai tashi a kan lokaci ne da motar tasha da ba ta tashi sai ta cika: da VRR, allo ba ya tashi sai hoto ya cika.

Sai dai a gane, VRR ba ya ƙara wa na'ura ƙarfi. Wasan da ke fitar da hoto 52 a sakan zai ci gaba da fitar da 52. Abin da ya sauya shi ne kowane hoto yana samun lokacinsa daidai, ido ya daina kama tuntuɓen.

Tambayar farko da muke yi wa mai saye ita ce: "Alhaji, wane wasa za a riƙa bugawa?" Idan gidan wasa zai buɗe a unguwar Boukoki ko Talladje, amsar kusan kullum ƙwallo ce, daga safe har dare. Wasan ƙwallo na EA Sports FC yana tsayawa a kan hoto 60 lokacin da ake buga wasa, ba ya yawan sauka. A nan VRR ba shi da aikin yi, kuma ba ma barin mutum ya zuba jarinsa a kansa. Ya fi masa ya sayi tele mai saurin amsa manet, ya ajiye ragowar kuɗin don regilater da manet na canji. Wanda VRR ke yi wa rana shi ne mai buga wasannin da hotonsu ke hawa da sauka, irin Elden Ring na 2022 da aka sani da yawo a ƙasa da 60, ko mai buga Call of Duty da Fortnite a yanayin hoto 120 a sakan, inda na'ura ba ta iya riƙe 120 ɗin a kowane lokaci.

Na'urorin ma ba hali ɗaya gare su ba. PlayStation 4 ba ta da VRR ko kaɗan, kome tsadar telen da aka haɗa ta da shi. PlayStation 5 ta fito babu shi, sai a ƙarshen Afrilu na 2022 Sony ta ƙara shi ta hanyar sabunta manhaja, shi ya sa na'urar da ta daɗe a kwali ko ba ta taɓa hawa intanet ba dole a fara sabunta ta. VRR ɗin PlayStation 5 yana aiki ne tsakanin 48 da 120 Hz, wato sabunta hoto sau 48 zuwa 120 a sakan, kuma VRR na ƙa'idar HDMI kaɗai take ganewa. Xbox ta riga ta, tun 2018 Xbox One S da One X suka karɓi FreeSync, wani nau'in VRR na kamfanin AMD, kuma Series X da Series S suna karɓar duka biyun. Wannan yana da muhimmanci ga masu sayen allon kwamfuta na hannu a kasuwar Katako: allon da aka rubuta wa FreeSync kawai zai iya yi da Xbox ya ƙi yi da PlayStation 5. Nintendo Switch 2 ta 2025 kuwa a kan ƙaramin allonta na hannu kaɗai take da VRR, idan aka ɗora ta a mazauninta aka haɗa da tele babu.

Wannan lambar 48 ita ce mutane ba sa lura da ita. Idan wasa ya sauka ƙasa da hoto 48 a PlayStation 5, ya fita daga iyaka, cijewar ta dawo. Xbox tana da dabara a cikinta: idan hoto ya sauka zuwa 35, sai ta aika kowanne sau biyu, tele ya ga 70, a zauna cikin iyaka. A PlayStation an bar wa masu ƙera wasa su yi wannan da kansu, wasu kamar kamfanin Insomniac masu wasan Spider-Man sun yi, da yawa ba su yi ba. Kuma dabarar ba ta yiwuwa sai da allon 120 na gaskiya. Telen da allonsa 60 ne, VRR ɗinsa daga 48 zuwa 60 kawai yake, tazarar 12. Ninka 47 ya ba ka 94, allon ba zai iya ba. Irin wannan tele yana da ɗan amfani, amma bai kai kuɗin da ake ɗora masa ba.

Kwali kuwa ba shaida ba ne. An fitar da ƙa'idar HDMI 2.1 a Nuwamba na 2017, amma VRR da 4K a 120 duk zaɓi ne a cikinta, kamfani zai iya rubuta HDMI 2.1 ba tare da ya sa ko ɗaya ba. Lambobin nan na Motion Rate 120 ko TruMotion 120 su ma yawanci allon 60 ne aka yi wa ado da lissafi. A gefe guda, telen da aka yi wa kasuwar Turai yakan zo da rubutun 50 Hz ko 100 Hz, kuma mai 100 ɗin shi ne mai 120 idan na'urar wasa ce ke ba shi hoto. Wutar gidajenmu mai volt 220 da 50 Hz ba ta da hannu a wannan lissafi. Don haka ba ma yanke hukunci sai mun ɗauki cikakkiyar lambar samfurin da ke bayan tele, sannan mun haɗa na'ura mun ga abin da ita da kanta ta ce.

Wajen haɗawa, ramin HDMI da ake sa kabul a tele ne farkon abin dubawa. Telen LG OLED na jerin C tun na 2019 duk ramukansu huɗu suna ɗaukar 4K a 120. Yawancin na Sony, Hisense da TCL biyu ne kawai, a Sony na 3 da na 4, kuma ɗaya daga ciki shi ne na eARC da ake sa wa lasifika. Ana duba rubutun da ke gefen ramin da tocila. Bayan haka sai a buɗe wa ramin cikakkiyar hanya a cikin saitin tele, domin da yawa a taƙaice suke zuwa daga masana'anta. Samsung na kiran wurin Input Signal Plus, LG na kiransa HDMI Deep Colour, a Sony kuwa ana zaɓar ingantaccen tsarin sigina mai ɗauke da rubutun VRR. Kowane rami da nasa saitin, idan aka sauya rami sai an sake. Sannan a sa tele a yanayin wasa, a kashe duk abin da ke sulɓe motsi. A PlayStation 5 mai Faransanci ana bin Paramètres, Écran et vidéo, Sortie vidéo, a sa VRR a kan otomatik. Akwai zaɓi na biyu a ƙarƙashinsa na tilasta shi a kan wasannin da ba a gina su da shi ba. Muna kunna shi, amma muna nuna wa mai kaya inda yake, don wani wasan yakan ɓata hoto da shi. A Xbox yana cikin zaɓin yanayin bidiyo, kuma akwai shafin da ke jera abin da tele ya iya da alamar kore.

Kabul shi ne ya fi ba mu aiki. VRR shi kaɗai ba ya buƙatar kabul mai tsada, 4K a 60 yana wucewa ta tsohon mai gigabit 18. Wanda ke buƙatar Ultra High Speed mai gigabit 48 shi ne 4K a 120. Na cikin kwalin PlayStation 5 da na Series X sun isa, na Series S bai kai ba. Matsalar tana farawa ne idan an rataye tele a bango, na'ura tana cikin akwatin ƙarfe a nesa, aka sayo kabul na mita 5 ko 10 marar takardar shaida. Alamunsa ba sa ɓuya: allo ya yi baƙi sakan biyu ya dawo, ko fararen ɗigo su riƙa walƙiya. A PlayStation ana rage saurin aika 4K zuwa -1 ko -2 don gwaji, idan matsalar ta tafi to kabul ne. Har mita 3 na jan ƙarfe mai lambar QR ta shaida ya wadatar. Fiye da haka muna sa mai zaren haske, shi kuma yana da kai da gindi, bakin da aka rubuta wa Source a na'ura yake shiga, idan aka juya babu hoto. Duk wani abu da aka sa a tsakiya, mai raba hoto gida biyu, akwatin ɗaukar wasa ko tsohuwar lasifika, zai iya haɗiye VRR. Na'ura ta shiga tele kai tsaye, sauti ya fita ta eARC.

Akwai ƙorafin da ke sa mutane kawo tele gyara alhali lafiyarsa ƙalau: wurare masu duhu suna ƙyaftawa, musamman lokacin da wasa ke lodi. A allon OLED da wasu na VA, hasken launin toka mai duhu yana ɗan sauyawa gwargwadon tsawon zaman kowane hoto, to idan lambar tana tsalle daga 120 zuwa 50 ta koma, ido yana kamawa. Kada a bari kowa ya kwance telen. A kashe VRR a sake dubawa. Idan ƙyaftawar ta tsaya, halin allon ne, sai a bar VRR a kashe a wannan wasan ko a zaɓi yanayin da ke tsaye a 60. Idan ta ci gaba har a tashoshin parabol, sai a koma kan wuta ko fitilun bayan allo.

Wuta da zafi su ne ke kashe kayan nan, ba saiti ba. PlayStation 5 tana jan kusan wat 200 a cikin wasa, tele mai inci 55 ya ƙara ɗari da wani abu, don haka regilater mai ƙarfin volt-ampere 1000 muke sa wa kowane teburi, ondiler idan da hali. Tele da na'ura su sha wuta daga wuri ɗaya. Gidaje da yawa ba su da wayar ƙasa, shi ya sa ba ma cire ko sa HDMI sai an kashe duka biyun, domin ɗan tartsatsin nan yana ƙona guntun da ke bayan ramin, gyaransa kuma sai da iskar zafi da madubin ƙara girma. Da damina, idan hadari ya taso, a zare wayar parabol daga dekoda. Sony ta ƙayyade zafin aiki daga digiri 5 zuwa 35, mu kuwa Afrilu da Mayu muna wuce 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe hanyar iska. A bar aƙalla santimita 10 tsakanin na'ura da bango, a cire murfin PlayStation 5 ta farko a zuƙe ramukan ƙura biyu da aka yi mata, kada a rufe ta a akwati marar fanka.

Kafin mu miƙa aiki, muna buɗe shafin bayanin hoto a na'ura mu nuna wa mai kaya iyakar da aka rubuta, 48 zuwa 120 ko 48 zuwa 60. Sai mu kunna ma'aunin da ke cikin tele, Game Bar a Samsung ko Game Optimizer a LG, mu shiga wasa mai nauyi mu juya kyamara a hankali. Idan lambar tana motsi, 58, 53, 60, VRR yana aiki. Idan ta kafe a 60 alhali hoto yana cijewa, akwai inda aka tsallake, sai mu koma kan rami da saitinsa.