Kirci, ciki da shayarwa: kada tsoro ya raba ki da maganinki

Mata da yawa masu kirci, ranar da gwaji ya tabbatar musu da ciki, sai su tattara mayukan da likita ya rubuta musu su jefa a ƙasan akwati. Na san tsoron da ke sa hakan, domin uwa gara ta sha wuya da ta taɓa lafiyar abin da ke cikinta. Amma ina roƙonki, 'yar'uwa, kafin ki ajiye komai, ki zuba su duka a jaka ki kai wa likita ya duba ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu zai ce ki ci gaba da su.

Tun ina yarinya nake da kirci. Mazauninsa a jikina lungun gwiwar hannu ne, da bayan gwiwa, da wuya. A fatata ba ya yin ja yadda ake nunawa a hotunan littattafan likitanci; duhu yake yi, ya yi furu-furu, ya yi kauri saboda susa. Da na samu ciki, tun kafin ya fito, sai ga shi a ƙirji da gefen ciki, wuraren da bai taɓa zuwa ba. Likitan fata ta bayyana mini cewa garkuwar jikin mai ciki tana sauya salo don kada ta yaƙi ɗan tayi, kuma ɓangaren da take karkata gare shi shi ne dai wanda ke rura wutar kirci. Shi ya sa ya zama ciwon fatar da aka fi gani a wajen masu juna biyu. Wasu ma ba su taɓa yin sa ba sai da ciki. Akwai masu sa'a da yake lafa musu, amma waɗanda yake tsananta wa sun fi yawa.

Kircin kansa ba ya taɓa jariri, ba a ɗaukarsa, ba ya bin ruwan nono. Illar tana zuwa ne idan aka bar shi babu magani. Fata ta tsage, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa, barci ya gagara. Wadda ba ta taɓa kwana tana susa har farce ya yi jini ba, ga nauyin ciki, ga fitsari kowane lokaci, ba za ta gane abin da nake nufi ba. Daga ƙarshe kuma sai an koma ga magani mai ƙarfi wanda da an tari abin da wuri ba za a buƙace shi ba.

Ginshiƙin magani shi ne man shafawa mai kauri marar turare, kuma babu wata fargaba a kansa ga mai ciki ko mai shayarwa. Inda ake samun gazawa shi ne wajen yawa. Baligin da kirci ya bazu masa kan buƙaci giram 250 zuwa 500 a mako guda. Fatar mai kirci kamar randa ce mai tsaga, ruwa yana zurarewa ta jikinta dare da rana, man ne yake toshe tsagar. Ina wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba na daɗewa, in tsane jiki da tawul ba tare da gogawa ba, in shafa man nan take fata na da sauran danshi, ina bin inda gashi ya kwanta. Sabulu mai kumfa da ƙamshi na rabu da shi. Man da ke da farafin, wato maiƙo irin na basilin, kuma yana jiƙa tufafi da zanen gado har su zama masu saurin kama wuta, don haka a kula a gaban murhu.

Sai man sitiroyid, mai kwantar da kumburi da ƙaiƙayin fata, wanda shi ne ake tsoro. Ba ƙarfinsu ɗaya ba. Hydrocortisone na kashi 1 cikin 100 shi ne mai sauƙi, clobetasone matsakaici, betamethasone valerate mai ƙarfi, clobetasol kuma ya fi su duka. Ki lura da kyau, clobetasone da clobetasol sunansu ya yi kama amma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. A 2015 cibiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta sake tattara binciken da aka yi kan matan da suka shafa irin waɗannan mayuka da ciki, ba a ga alaƙa tsakaninsu da nakasar jariri ko haihuwar bakwaini ba. Abin da aka gani shi ne yiwuwar raguwar nauyin jariri idan uwa ta yi amfani da masu ƙarfi sosai da yawa, kamar sama da giram 300 a tsawon cikin. Kaɗan ne ke ratsa fata ya shiga jini, kuma mabiyiya tana da sinadarin da ke kashe kaifin hydrocortisone kafin ya kai ga ɗa. Wannan bayanin ne ya kwantar mini da hankali fiye da duk wani lallashi.

Ma'aunin da aka koya mini mai sauƙi ne. Ki matso man daga kan ɗan yatsanki manuni zuwa gaɓar farko, wannan kusan rabin giram ne, kuma ya isa wurin da ya kai faɗin tafin hannu biyu. A shafa a inda ciwon yake kawai, na 'yan kwanaki, ya lafa a tsaya. A ciki da cinya da nono a yi hattara da mai ƙarfi, domin fatar wurin tana miƙewa, yana iya ƙara nankarwa. Abin da ya fi damuna shi ne mayukan ƙara hasken fata da ake sayarwa babu takardar likita. Da yawa cikinsu clobetasol ne a ciki, kuma ana shafe jiki gaba ɗaya da su wata da watanni. Mace tana tsoron ɗan hydrocortisone ɗinta alhali ga babban haɗarin a gaban madubinta. Sannan ba kowane tabo mai ƙaiƙayi ne kirci ba. Makero da kyasbi naman gwari ne ke kawo su, sitiroyid kuma ƙara musu ƙarfi yake yi, saboda haka a bari a duba kafin a shafa.

Idan mai ya kasa, akwai maganin haska fata da haske na musamman a asibiti, wanda ake kira UVB, an yarda da shi ga mai ciki, sai dai yana iya rage folik asid a jiki, don haka kada ki yi wasa da ƙwayar da ake ba ki a wajen awo. Ciclosporin ma, maganin da ke rage kaifin garkuwar jiki, ƙwararru kan bayar idan abin ya yi tsanani, suna auna hawan jini da ƙoda. Amma magungunan methotrexate da mycophenolate, da ake ba wasu masu kirci mai tsanani, haramun ne ga mai ciki, suna jawo ɓari da nakasa, kuma ana barin su tun kafin a nemi cikin. Haka sababbin ƙwayoyi irin su upadacitinib da baricitinib, ba a shan su da ciki ko shayarwa. Duk wadda take kan ɗayansu, maganar haihuwa da likitanta take farawa.

Akwai ƙaiƙayin da ba na kirci ba, kuma ina so kowace mai ciki ta san shi. Idan a watannin ƙarshe tafin hannu da tafin ƙafa suka dame ki da ƙaiƙayi, musamman da dare, kuma babu ƙurji ko ɗaya, ki je asibiti a ranar. Yana iya zama ruwan matsarmama ne yake taruwa a jini, kuma wannan yana da haɗari ga jariri. Gwajin jini ne ke nuna shi. Mu masu kirci mun saba da susa har muna iya cewa ai kircin ne. Haka nan idan wurin ya fara tsattsafo ruwa da ɓawo rawaya, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi suka feso tare da zazzaɓi, ba abin jira ba ne, kuma akwai magungunansu da mai ciki za ta iya sha.

Bayan haihuwa nawa ya sauka a hannu. Wanke-wanken kayan jariri da wanke hannu ba iyaka suka sa yatsuna suka tsattsage. Safar roba mai auduga a ciki, da ajiye man shafawa kusa da duk inda nake taɓa ruwa, su suka taimake ni. Ban daina cin komai ba, domin bincike bai nuna cewa ƙaurace wa wani abinci yana kare jariri daga kirci ba, mai shayarwa kuma tana buƙatar ƙarfinta.

Kircin kan nono shi ne mafi ciwo, shi ne kuma yake sa wasu su yaye ɗa ba da son ransu ba. Ana iya maganinsa ana shayarwa. Da zarar jariri ya saki, ki shafa sitiroyid mai sauƙi siriri, kafin ya sake kamawa ki goge wurin da tsumma mai laushi da ruwan ɗumi. A nan an fi son mai ruwa-ruwa a kan mai maiƙon farafin, don kada yaro ya lashe. Audugar da ake sawa cikin rigar mama a riƙa canza ta da ta jiƙe. Man lanolin da ake yawan ba masu jego yana ƙara wa wasu masu kirci ƙaiƙayi, idan kin ga haka ki bar shi. Ki kuma nemi ungozoma ta duba yadda yaron yake kama nono, domin mugun kamu yana hana tsaga warkewa komai kyawun magani. Idan kuwa kan nono ɗaya ne tak yake ɓawo, an yi makonni ana magani bai warke ba, ki koma ki ce a bincika sosai, saboda akwai wani nau'in sankarar mama da ke fara bayyana da wannan kamar.