Kulob nawa Ighalo ya zaɓa da kansa?

Gidan kallon ƙwallona yana gefen Ajegunle, tafiyar 'yan mintoci daga kasuwar Boundary. Rumfar kwano ce mai benci 14, da talabijin biyu da janareta ɗaya. Yawancin masu shigowa 'yan uwanmu ne na Arewa: direbobin tanka da tirela masu jiran layin Apapa, 'yan dako, masu shayi in sun tashi aiki. A rumfar nan na bi rayuwar Odion Ighalo, ɗan wasan gaba na Nijeriya, kusan gaba ɗayanta, kuma a nan aka yi wata gardama a kansa wadda har yau take min yawo a rai.

A ƙarshen watan Janairun 2017 ne labari ya zo cewa ya bar Watford ya koma Changchun Yatai ta ƙasar Sin, a kan kuɗin da aka ce ya kai fam miliyan 20. Akwai wani dattijo direban tanka, mutumin Gusau, da ba ya rasa wasan Firimiya in yana gari. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Malam, yaron nan ya sayar da ƙafarsa. Mai yawan sauya gida ba ya kafa tarihi." Na ce, "Baba, a yi masa uzuri." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan a daren, don ban san labarin da kyau ba. Daga baya na zauna na bi shi kulob bayan kulob, sai na ga yawancin sauyin gidan ma ba shi ya zaɓa ba.

A wannan unguwa ta Ajegunle Ighalo ya tashi, an haife shi a 1989. Duk wanda ya san filin Maracana na Tolu kafin a gyara shi ya san irin ƙasar da yaran nan suke koyon ƙwallo a kai: yashi da rani, taɓo da damina. Ya buga wa Prime da Julius Berger, sannan a 2007 ya tafi Lyn ta birnin Oslo. Yaro ɗan shekara 18 daga zafin Ikko zuwa ƙanƙarar Norway. Ni da na zo Legas daga Funtuwa, ƙasa ɗaya, kuɗi ɗaya, sai da na yi wata uku ban saba da abincin ba, balle shi.

A 2008 Udinese ta Italiya ta saye shi, kuma a nan ne abin da Baba bai sani ba yake. Udinese mallakar iyalan Pozzo ce. Su ne suka shiga Granada ta Sifaniya a 2009, suka kuma sayi Watford ta Ingila a 2012. Sana'arsu ita ce su sayo matasa da araha daga Afirka da Kudancin Amurka, su riƙa juya su tsakanin ƙungiyoyinsu da sunan aro, wanda ya yi daraja a sayar. Saboda haka in ka ga an jera Udinese, Granada, Watford a takardar Ighalo, kamar yaron shago ne da ubangidansa yake da rumfa a Mile 12, wata a Agege, wata a Alaba Rago. Yau a ce je can, gobe a ce dawo nan. Har Cesena aka tura shi na ɗan lokaci. Wa zai ce da irin wannan yaro ba ya zama wuri ɗaya?

Kuma duk inda aka ajiye shi ya yi aikin. Ya tarar da Granada a rukuni na uku. A 2011, a wasan neman hawa da Elche, shi ya ci ƙwallon da ta mayar da su La Liga bayan shekara 35 ba sa ciki. A Watford ya ci 20 a kakar da suka hau Firimiya a 2015, ya ƙara 15 a Firimiyar kanta, shi da Troy Deeney a gaba. Watan Disambar 2015 aka ba shi gwarzon ɗan wasan wata. A lokacin nan rumfata takan cika ranar wasan Watford kamar ana Arsenal da Chelsea, 'yan unguwa Yarbawa da Inyamurai da mutanen Delta su cakuɗu da namu, kowa na cewa ɗan layinsu ne.

Sai raga ta rufe masa. Kakar da ta biyo baya ƙwallo ɗaya tak ya ci a gasar kafin Janairu. Wannan shi ne halin ɗan wasan gaba da mai kallo ba ya so ya tuna. Mai tsaron baya yana iya yin wata biyar yana wasa mai kyau ba a lura ba, amma shi na gaba lissafinsa a fili yake, kuma farashinsa yana faɗuwa kamar na tumatir da ya kwana uku a kwando. Yana da shekara 27, benci yana jiransa, sai ga tayin da zai ɗauke talauci daga gidansu gaba ɗaya. Wannan karon shi ya zaɓa, kuma ni a ganina ya zaɓa daidai. Duk wanda ya baro Gusau ko Funtuwa ya zo yana kwana a cikin mota a titin Apapa ya san dalilin da ke raba mutum da gida. A Disambar shekarar ya buɗe gidan marayu a Ijegun, nan cikin Legas.

A Sin bai je hutu ba: ƙwallo 36 a kaka biyu, 21 daga ciki a 2018, shekarar da Changchun ta faɗi zuwa rukuni na ƙasa duk da ƙoƙarinsa.

Daren wasanmu da Ajantina a Kofin Duniya na 2018 shi ne mafi muni da na gani a rumfar nan. Ana 1-1, da an tashi a haka mun wuce, Ighalo ya samu dama ya ɓarar, Marcos Rojo ya zo ya ci mu ana saura 'yan mintoci. An karya min benci biyu. Bencin bai dame ni ba kamar zagin da na ji daga bakin mutanen da suka yi masa tafi shekara uku baya. Daga baya ya bayyana cewa har barazanar kisa aka yi masa da iyalinsa, ya kusa ajiye rigar ƙasa, koci Gernot Rohr ne ya lallashe shi. Ya dawo ya fi kowa cin ƙwallo a wasannin share fagen Kofin Afirka da guda 7, ya je Masar a 2019 ya ɗauki takalmin zinare da guda 5, har da wadda ta ba mu tagulla a kan Tunisiya.

Aronsa zuwa Manchester United daga Shanghai Shenhua, ƙungiyar Sin da ya koma bayan Changchun, a ƙarshen Janairun 2020 shi ne ya fi taɓa ni. Ƙungiyar da yake goyon baya ce tun yana yaro, a irin rumfata yake biya ya kalle ta, kuma ya yarda aka rage masa albashi don ya je. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sa rigar. Ranar 27 ga Fabrairu ya ci Club Brugge ƙwallonsa ta farko. Wani yaro mai wankin takalmi da ke zama a bencin gaba ya fashe da kuka. A ranar ce kuma aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Legas. Ƙwallon da ya ɗaɗa wa LASK ranar 12 ga Maris, filin ba kowa, na cikin na ƙarshe da muka kalla tare kafin a dakatar da wasanni, a rufe gari a ƙarshen watan, ni ma na sa wa rumfa kwaɗo. Ƙwallo 5 ya ci musu, duk a wasannin kofi.

Daga nan sai Saudiyya: Al Shabab, Al Hilal, sannan Al Wehda ta Makka. Ya zama sarkin raga na gasar a kakar 2021/22 da ƙwallo 24. A lokacin ba mai tambayata wasan Saudiyya. Sai da Ronaldo ya je a farkon 2023 aka fara cewa in nemo tashar.

Baban Gusau ya daina tuƙi, ɗansa ne yake zuwa da motar yanzu. Kwanaki na ba shi saƙo ya kai masa, cewa na ƙirga: daga Udinese zuwa Watford, shekara takwas da rabi, hannun gida ɗaya ne yake juya yaron. Ɗan ya dawo da amsa a lodin da ya biyo baya. Baba ya ce ya ji, ya kuma yarda da na Italiya da Sifaniya, amma na Sin yana nan a kan bakansa, sai mun haɗu in na je gida da Sallah.