Idan jariri ya zo da ɗuwawu

A cikin mata ɗari da cikinsu ya kai wata tara, uku ko huɗu za a samu jaririn a zaune, kai a sama, ɗuwawu a ƙasa. Mu ungozomomin ƙananan asibitocin Kumasi mun san ƙa'ida: in an gano a awo, sai a tura mace babban asibiti irin Komfo Anokye, a gwada juya jaririn ta kan ciki wajen mako 37, ko a shirya mata aiki. Ban ƙi wannan ba. Amma ya za a yi da matar Aboabo da ba ta yi hoton ciki na ƙarshe ba, ta sauko daga pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, ƙarfe biyun dare, naƙuda ta yi nisa, ina dubawa na ga ɗuwawu ya leƙo? Wannan babu inda zan tura ta. Abin da hannuna ya iya shi ne kawai zai yi mata amfani.

Kuma iyawar ce ke ɓacewa. A 2000 mujallar Lancet ta buga binciken Mary Hannah ta Kanada a kan mata 2,088 a ƙasashe 26, wanda ya nuna tiyata ta fi tsare jariri. Nan da nan asibitocin duniya suka koma wuƙa. Da aka bi yaran har suka shekara biyu, rahoton 2004 bai ga bambanci ba, sannan a 2006 Faransa da Beljiyam suka nuna cewa in an zaɓi mace da kyau kuma akwai gwani a wurin, haihuwa ba tare da tiyata ba tana yiwuwa lafiya. Sai dai kafin nan an yaye ɗalibai da yawa da ba su taɓa ganin irin wannan haihuwar ba tiyata ko sau ɗaya ba.

Shi ya sa nake zaunar da ƙannena a wurin aiki da 'yar tsanar koyarwa. Darasin farko ya fi kowanne wuya: kada ki ja. Wata ta ce mini, “Anti, in tsaya ina kallo kawai?” Na ce, “Ƙanwata, kallon ma aiki ne.” In kika ja, hannuwan jariri za su miƙe sama da kansa, haɓa ta ɗage, kai ya maƙale. Ki bar uwa ta yi nishi, ke ki sa ido a kan launin jikinsa, da motsin ƙafafunsa, da agogo. Daga fitowar cibiya, minti uku ake so a ga kai ya fito. In ya tsaya ko jiki ya saki, to nan kuma babu jinkiri: ki juya kafaɗu ki saki hannun da ya maƙale, ki ɗora yatsu biyu a ƙashin kuncinsa, ba cikin baki ba, ki sunkuyar da kai.

Abin da ke faranta mini rai shi ne masu koyar da wannan a Ingila da Jamus yanzu suna barin mace ta durƙusa a kan gwiwa da hannu, yadda kakanninmu ke haihuwa a ɗaka. A haka ƙugu ya fi buɗewa, nauyin jariri na taimakonsa, ni kuma ƙirjinsa na gabana ina gani.

Ba kowace ce za ta haihu da kanta ba. In ƙafa ce ta riga fitowa, ko jaririn ya cika girma, tiyata rahama ce, kuma ina gaya wa miji da uwar miji haka ba ɓoye-ɓoye. Amma matanmu na zango suna son 'ya'ya da yawa, tabon mahaifa kuwa yana bin mace zuwa kowane ciki na gaba.

Roƙona ga shugabannin asibitocinmu: a sayi 'yar tsanar, a riƙa maimaita atisayen a kai a kai, likita da ungozoma tare, kuma a fara da masu aikin dare.