Abin da na ɗauko daga teburin shirye-shirye

Na ajiye aiki a gidan rediyon da na yi wa hidima a nan Maraɗi. Ƙannena da suka shigo bayana sun nemi shawara, kuma mafi yawan abin da zan faɗa musu daga shiri guda ya fito.

A 2024 maigidanmu ya ce in haɗa minti goma kan Pinehurst, garin shaƙatawa na jihar Karolina ta Arewa a Amurka, inda ake gasar US Open ta golf, wasan buga ƴar ƙwallo da sanda zuwa rami, a shekarar. Abu mai daɗin ji yake so: ciyayi shar, otal-otal, attajirai. Na samo masa wannan. Wani attajirin Boston, James Walker Tufts, shi ya sayi filin a 1895 bayan masu katako sun gama aske dajin. Masu jinyar tarin fuka ya fara nufa da wurin, amma da ta tabbata cutar tana yaɗuwa sai aka rufe musu ƙofa. Golf daga baya ya shigo. Donald Ross, mutumin Sikotilan mai tsara filayen golf, ya zo a 1900, ya kammala shahararren filin wasa mai lamba 2 a 1907.

To amma wa ke ɗaukar wa ƴan wasa jakar sanduna cikin rana? Wa ke wanki da girki? Wannan tambayar ce ta kai ni Taylortown, ƙauyen baƙar fata da ke manne da Pinehurst, wanda ya samo sunansa daga Demus Taylor da ya kafa shi. Daga can ma'aikata ke fitowa da safe su koma da dare, domin ba a yarda su zauna cikin garin da guminsu ke rayawa ba. Masu ɗaukar jakar nan sun san kowane tudu da gangare na filin fiye da masu biyan kuɗi, su ke gaya wa baƙo inda ƙwallo za ta karkata. Duk da haka ƙungiyar ƙwararrun ƴan wasan, PGA, ta rubuta a dokarta daga 1934 zuwa 1961 cewa farar fata kaɗai take karɓa. Charlie Sifford, baƙar fata ɗan wannan jihar, da ɗaukar jaka ya fara yana yaro, kuma ya kusa shekara 40 da haihuwa kafin a ba shi katin shiga gasanninta. Ina karanta wannan ina tuna yadda ake ba da tarihin Maraɗi da sunayen alhazan gyaɗa, ba a ambaton ƴan dakon da suka ɗora buhunan a kai.

Maigida ya saurara, ya ce: «Yaro, mutane ba su son baƙin ciki da marece. Cire ƙauyen nan.» Na ce: «Ranka ya daɗe, ai shi ne labarin.» Bai ƙara kallona ba. Shirin ya fita a gutsure.

Da nan abin ya tsaya, da na haƙura, don shi ke da tebur. Bayan wasu watanni baƙi masu ba da horo suka zo, sai ga shi ya kunna musu cikakken shirin, har da Taylortown, yana cewa shi ya tono. Ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da tiren shayi. Sun yaba ƙwarai, kuma wallahi aikin ya cancanci yabo. Har yau raina bai huce ba.

Don haka, ƙanina, faɗi sunanka da bakinka a cikin sautin shirin, ka kuma ajiye kwafi a wayarka kafin ka miƙa. In an aike ka labarin wuri mai ƙyalli, tambayi inda ma'aikatansa ke kwana. Kada ka yi gardama da na gaba da kai a gaban mutane. Kuɗin man babur kuwa, ka karɓa kafin ka fita.