Gurzar da ke ƙarƙashin Hilux: inda na kai a koyon sauraro

'Yan uwa masu koyon gyaran mota, barkanmu da aiki. Tun da damina ta kankama garejinmu na Agege bai rabu da motoci masu oksilari, wato masu ja da tayoyi huɗu, ba, Hilux ne, Prado ne, Pajero ne, kuma kusan kowa da magana ɗaya yake shigowa: wani abu na gurza a ƙasa. Aikin da maigidana ya ɗora ni a kai kwanan nan shi ne in gano inda ƙarar take fitowa tun kafin a ɗauki sifana. Ƙarfe yana kai sauti nesa. Boris, wato zoben ƙwallayen da ƙarfe ke juyawa a kai, ya lalace a aksul na baya, akwatin haƙoran da ke juya tayoyin baya, amma kukansa a ƙarƙashin kujerar direba za ka ji shi, har ka rantse giyabos ne.

Motar da na fi ƙaruwa da ita wata Hilux ce ta wani Alhaji mai kawo albasa kasuwar Mile 12. Ya zo da niyyar a sauke masa giyabos. Maigida ya ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri mu fita da ita tukuna." A Legas samun titin gwaji ma aiki ne, domin cikin cunkoso ba za ka yi gudun da ƙarar za ta fito ba. Sai ranar Lahadi da sassafe muka hau titin Abeokuta, gilashi a rufe, rediyo da na'urar sanyaya mota a kashe.

Tambayar da maigida ya yi ta nanata mini ita ce: me ƙarar take bi? Da muka yi gudu sosai ya taka kulochi ya mayar da giya firi. Injin ya lafa, gurzar na nan, tana raguwa ne kawai yadda gudun motar ke raguwa. To ba inji ba ne, wani abu ne da ke juyawa tare da tayoyi. Ya taɓa birki a hankali, ba ta canza ba. Daga nan ya karkata sitiyari hagu da dama. Idan boris ɗin taya ne, nauyin mota yana komawa gefe guda ƙarar za ta ƙaru, ya koma ɗaya gefen ta lafa. Ka karya hagu ta tsananta, galibi na dama ne ya mutu. Wannan ko gezau. Amma da ya mayar da giya ya taka totur sai gurzar ta yi kauri, ya ɗaga ƙafa muryarta ta sauya. Ƙarar da ke sauraron totur haka, hankali ya koma kan aksul da haƙoran cikinsa.

Sauran waɗanda ake zargi ba su ɗauke mu lokaci ba. Kuros, wato mahaɗin farfela, sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, idan ya ci, ƙwas yake yi lokacin tashi ko shiga ribas, ya haɗa da girgiza. Na kama farfelar na murɗa, babu wasa. Shaf na gaba kan yi ƙas-ƙas a kwana idan robarsa ta yage giris ya zube, waɗannan robobin kuwa lafiya lau.

Da muka dawo na shiga rami. Nan ina roƙonku ku riƙe abu ɗaya: a fara kwance notin zuba mai kafin na zubarwa. In ka zubar da mai sannan na sama ya ƙi kwancewa, mota ta zauna ke nan. Abin da ya fito daga aksul ɗin baya ba ya kama da man giya ko kaɗan, launin shayi mai madara ne, alamar ruwa ya shiga. Maganaɗisun da ke jikin notin kuma ya cika da ɓarɓashin ƙarfe da ake ji a yatsa. Baƙin gari mai laushi ba abin tsoro ba ne, kowane aksul yana yin sa. Gutsattsari masu kaifi su ne labarin.

Yadda ruwan ya shiga ya tsaya mini a rai, domin ciwon motocin garin nan ne. Aksul yana ɗaukar zafi a tafiya. Ka tsunduma shi cikin ruwan da ya kwanta a titi, a Lekki ne ko hanyar Ikorodu, sai ya huce farat ɗaya, iskar cikinsa ta tsuke, ya zuƙi abin da ke waje. A samansa akwai ɗan bututun numfashi. In ruwa ya rufe shi ta nan zai shiga, in kuma laka ta toshe shi sai ya ja ta bakin sil, robar da ke tare mai. Mai da ya haɗu da ruwa ba ya riƙe ƙarfe, tsatsa ta kama boris, daga nan sai gurza. Na wannan motar laka ta daskare a kansa. A ganina duk mai mota irin wannan a Legas, in ya ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, ya kamata a duba masa man aksul biyu da na akwatin oksilari a makon. Kuɗin mai bai kai rabin kuɗin haƙori ba.

Wani abin da muke yawan gani, ko da yake ba shi ne ciwon wannan ba: direba ya sa 4H, wato jan taya huɗu, cikin ruwa, ya fito kan busasshiyar kwalta ya manta bai mayar 2H, jan taya biyu, ba. Hilux ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya irin na Prado, don haka a kwana sai ƙarafan su ɗaure, tayoyi su riƙa ja, akwatin oksilari ya sha wahala. Haka ma in an haɗa tayoyin tokumbo masu girma daban-daban. Ku riƙa karanta lambar da ke jikin kowace taya. In uku 265/65R17 ne ɗaya kuma daban, kun sami abin faɗa wa mai mota.

Mun yi wa bakin farfela alama da fenti don ta koma yadda take, muka zare shaf biyu na baya, muka sauke kan aksul. Boris ɗin ƙaramin haƙori, wanda farfela ke juyawa, duk ya yi ramuka, in ka juya shi da hannu kana jin yana tsalle. Haƙoran kansu Allah ya kiyaye, ba su kai ga karyewa ba. Na je kasuwar kayan mota ta Ladipo na sayo boris da sil da sabon zoben matsi, wanda ba a maimaita tsohonsa. Na tsaya na duba rubutun lamba da kyau, domin jabu ya yi yawa a kayan mota.

Ɗaurin kuwa maigida ne ya yi, ni ina kallo. Wasan da ake bari tsakanin haƙora a irin wannan aksul na Toyota bai wuce milimita 0.13 zuwa 0.18 ba, da agogon awo ake duba shi. Ya shafa fenti a haƙoran babban faranti, ya juya, ya nuna mini inda suke haɗuwa: a tsakiya ake so, ba a baki ko a gindi ba. Muka zuba man giya nau'in GL-5 har ya kawo bakin ramin zuba mai, muka wanke bututun numfashi, muka sake fita titi. Shiru.

Yanzu akwai Prado a kan rami mai gurza daga tsakiya, kuma maigida ya ce ni zan tuƙa gwajin, shi ya zauna a gefe.